Ƙagaggen labari kan Houdini: ina iyakar ƙirƙira take?

Mai_Alƙalami:

Assalamu alaikum. Ina shirin rubuta littafi kan Harry Houdini, ɗan dabon nan na Amurka da ake ɗaurewa da ankwa da sarƙa ya kuɓuce. Labarin zai gudana ne a makonni 3 na ƙarshen rayuwarsa, cikin Oktoban 1926, ana tafe ana waiwaye. Mai ba da labarin wani yaronsa ne da na ƙirƙira, mai ɗaukar akwatuna da gyaran kwaduna. Me ya halatta in canza, me kuma bai kamata in taɓa ba? Ina so a ƙarshe a gano cewa masu da'awar kiran ruhin matattu ne suka sa masa guba, ko hakan zai yiwu? Sannan yaya zan bayyana dabarunsa ba tare da na yi shirme ba?

Tsohon_Kundi:

Wa alaikumus salam, Malama. Wahalar Houdini ita ce ya riga ki fara ƙirƙira a kan kansa. An haife shi a Budapest ranar 24 ga Maris 1874, sunansa Erik Weisz, mahaifinsa limamin Yahudawa ne, kuma a 1878 iyalin suka koma garin Appleton a jihar Wisconsin. Amma shi cewa yake a Appleton aka haife shi ranar 6 ga Afrilu. Sunan Houdini ma aro ya yi daga Robert-Houdin, ɗan dabon Faransa, wanda daga baya, a 1908, ya rubuta littafi sukutum yana kushe shi.

Dubi labarin kogin Detroit. Ranar 27 ga Nuwamba 1906 ya diro daga gadar Belle Isle da ankwa a hannu, ya kwance, ya fito. Da shekaru suka ja, sai labarin ya koma wai kogin a daskare yake, rami aka fasa a ƙanƙara, igiyar ruwa ta ja shi nesa da ramin, ya riƙa shaƙar 'yar iskar da ke tsakanin ruwa da ƙanƙara. Alhali ranar kogin bai daskare ba.

Don haka ki ɗauki takarda ki raba ta gida uku. Gidan farko na abin da jaridu, wasiƙu da takardun asibiti suka tabbatar. Na biyu na abin da Houdini ya faɗa da bakinsa. Na uku na abin da mutane suka ƙara bayan ya mutu. Na farko ba a taɓa shi. Na biyu ki bar shi a bakin Houdini, yana faɗa wa 'yan jarida. Na uku ki ba 'yan tsegumi. A nan ne yaron naki zai yi amfani sosai: yana kan gadar ranar, ya san babu ƙanƙara, amma shekara da shekaru yana tsaye a bayan maigidansa yana jin ƙanƙarar tana ƙara kauri. Wannan kaɗai ya isa babi.

Ga turakun makonnin da kika zaɓa. Ranar 11 ga Oktoba a Albany, ana ɗaga shi ƙafa sama don akwatin ruwa, wato akwati cike da ruwa da ake kulle shi a ciki kai ƙasa ya kuɓuce, ƙashin idon sawunsa ya karye, bai kuma dakatar da rangadin ba. Daga nan ya isa Montreal ta Kanada. Ranar Juma'a 22 ga wata yana kishingiɗe a ɗakin shirinsa na gidan wasan Princess, saboda ƙafar, yana duba wasiƙu, wani ɗalibi yana zana hotonsa, sai wani ɗalibin jami'ar McGill ya tambaye shi ko gaskiya ne cikinsa na jure kowane naushi. Kafin ya miƙe ya ɗaure ciki, ɗalibin ya sauke masa naushi da dama. Daren Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa Detroit. Ranar Lahadi 24 ga wata likita ya ce afendis ne, zafin jikinsa ya kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, amma ya ƙi asibiti, ya hau dandamalin gidan wasan Garrick. Ranar 25 aka yi masa tiyata a asibitin Grace, aka tarar afendis ɗin ya riga ya fashe, ruɓa ta bazu a cikin cikinsa. Aka sake yin wata tiyatar ranar 29. Ya rasu ranar Lahadi 31 ga Oktoba da ƙarfe 1:26 na rana, yana da shekara 52, aka binne shi a maƙabartar Machpelah da ke Queens a New York ranar 4 ga Nuwamba.

Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Na farko, a kashe shi a cikin akwatin ruwa, kamar yadda wani fim na 1953 ya sa mutane da yawa suka ɗauka. Na biyu, a sa likita yana neman allurar kashe ƙwayoyin cuta. Sai 1928 aka gano penisilin, kuma sai a shekarun 1940 ya wadata a asibitoci. Idan ruɓa ta bazu a ciki a 1926, abin da ya rage shi ne yanka, da zuƙe ruwan, da jira.

Maƙerin_Kwado:

Malam ya gama da kwanan wata, bari in shiga ɓangaren ƙarfe, domin idan yaronki mai gyaran kwado ne to dole hannunsa ya san abin da yake taɓawa.

Mu fara da kalma. Houdini ɗan dabo ne, mai rufa-ido. Ba boka ba ne, ba matsafi ba ne, kuma shi da kansa ya sha nanata cewa duk abin da yake yi ta hanyar dabara da horon jiki ne. Idan kika bari kalmar sihiri ko tsafi ta fito daga bakin mai ba da labarin, kin rushe ginin, tunda rabin rigimar ƙarshen rayuwarsa a kan wannan bambancin take. A bakin 'yan kallo kuwa ba laifi.

Ankwa. Ta 'yan sandan Ingila ta wancan zamani kusan duk mabuɗi iri ɗaya ke buɗe ta: ana murɗa shi kamar noti, ya jawo sakatar da sifirin ke turawa. Wasu ma idan aka buga su a kan abu mai tauri ta gefen da ya dace, sakatar kan ja baya. Shi ya sa sharaɗinsa shi ne a kawo ankwa irin ta hukuma, a rufe ta a buɗe a gabansa kafin a sa masa. Idan an kawo guda 5 ko 6, tsarin sa su ne sirrin. Mai wuyar buɗewa ita yake bari a sa can sama a damtse inda hannu ke da kauri, masu sauƙin a wuyan hannu. Da ya buɗe na ƙasan, ta saman sai ta zamo da kanta. Yana yin wannan ne a cikin wata 'yar rumfar labule, makaɗa kuma suna ta kiɗa da ƙarfi don kada a ji ƙarar ƙarfe. Abin da ke ɓata wasa shi ne a yi wa kwadon ha'inci, a cusa wani abu a ramin mabuɗi. A Blackburn ta Ingila, cikin Oktoban 1902, wani mai koyar da motsa jiki ya kawo ankwoyin da Houdini ya ce an taɓa su, ya kuma ɗaure shi tamau. Sai da ya yi kusan awa 2, ya fito riga a yage, hannuwa duk jini. Irin wannan daren ne ya kamata yaronki ya riƙa tunawa, ba daren nasara kawai ba.

Garwar madara, wadda ya fara a St. Louis cikin Janairun 1908. Garwar ƙarfe ce da mutum zai iya tsugunawa a ciki. A cika ta da ruwa, ya ce wa 'yan kallo su riƙe numfashi tare da shi, ya shiga, a ƙara ruwa har ya zuba, a rufe murfi da kwaduna 6. Kwadunan na gaske ne, kowa na iya kawo nasa. Dabarar tana wuyan garwar. Murfin a kulle yake da wuyan, amma ƙusoshin da ake gani kamar sun haɗa wuyan da gangar jiki na ado ne. Daga waje ba ya ɗaguwa idan an ja, daga ciki kuwa idan ya tura da kafaɗa, wuya da murfi da kwaduna duk tare suke tashi. Haɗarin kuma a nan yake: idan garwar ta faɗi a jirgin ƙasa ta lotsa, wuyan zai cije, mutum kuma yana ciki ba iska. To kin ga aikin yaronki kenan kowace yamma, ya bi da yatsa yana neman lotsawa, ya goge tsatsa, ya gwada ɗagawa. Mataimaki kuma yana tsaye gefen labule da gatari.

Rigar ɗaure mahaukata. Kada ki rubuta cewa yana gurɗe kafaɗarsa, ba sai da haka ake fita ba. Lokacin da ake ɗaure shi yake cin nasara: ya cika ƙirji da iska, ya buɗa kafaɗu, ya ɗan nisanta gwiwar hannu daga jiki, ya ɗora hannun da ya fi ƙarfi a sama. Da ya saki numfashi sai a sami sarari kaɗan. Da wannan sararin yake tura hannu ya tsallake kai, sannan ya kwance maɗaurin hannun riga da haƙori, na baya kuma ta cikin yadin. Rataye shi ƙafa sama a saman bene yana ƙara wa 'yan kallo tsoro, amma a gaskiya yana taimaka masa, domin nauyin hannuwan ma wajen kai yake ja. Ƙaninsa Theo, wanda ake kira Hardeen, shi ya gano cewa yin ta a fili ya fi tasiri, saboda a bayan labule mutane na zargin wani ne ya kwance shi.

Akwatin katako na ƙalubale ma akwai wurin yaronki. Kafintoci su ƙera, a ajiye shi a ƙofar gidan wasa don jama'a su gani, da dare kuma a zare dogayen ƙusoshin gefe ɗaya a mayar da gajeru. Ratsa bango kuwa, na 1914, ƙofar ɓoye ce a daɓen dandamali a ƙarƙashin shimfiɗa. Idan an buɗe ta sai shimfiɗar ta lotsa, ya sulale ta ƙarƙashin bangon.

Abu ɗaya da za ki kiyaye: mataimakansa rantsuwar riƙe sirri suke yi a rubuce, kuma na kusa da shi sanannu ne, irin su Franz Kukol da Jim Collins. Kada yaronki ya ƙwace matsayin Collins. Ki sa shi a ƙarƙashinsa, ya san sirrin garwa amma a hana shi na akwatin ruwa. Mai karatu zai fi yarda da wanda ya san rabi, ke ma kin huta da bayanin abin da masana har yau suke gardama a kai.

Inna_Mai_Labari:

'Yar'uwa, batun guba nake son in tsaya a kai, don nan ne littafin zai tashi ko ya faɗi.

Kayan zargin suna nan, ba sai kin ƙirƙira ba. A shekarunsa na ƙarshe ya ɗaura yaƙi da masu kiran ruhohi. Wasansa na 1925 zuwa 1926 kashi uku ne: dabo, kuɓuta, da tonon asirinsu. Yana da 'yan leƙe da ke riga shi shiga gari, fitacciya a cikinsu Rose Mackenberg, takan yi shigar bazawara mai makoki ta je a kira mata mijin da ba ta taɓa yi ba, da dare kuma Houdini ya kira sunan mai gidan daga kan dandamali. Ya sa dala 10,000 ga duk wanda ya nuna abin da shi ba zai iya kwaikwaya ba. A 1926 ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka kan ƙudurin hana duba a birnin Washington. An kai shi ƙara kotu ba sau ɗaya ba. Matarsa Bess ta kwanta da ciwon gurɓataccen abinci a farkon wannan Oktoban. Kuma ba a yi binciken gawarsa ba. A 2007 wani daga cikin danginsa ya nemi a tono shi a duba, ba a yi ba.

Amma likitocin da suka buɗe cikinsa fashashshen afendis suka gani. Saboda haka shawarata ita ce gubar ta zauna a zuciyar yaron, kada ta sauka a cikin kofi a gaban mai karatu. Ya ga baƙuwar fuska a jirgin ƙasan Detroit, ya tuna wasiƙar barazana, ya zargi kansa da barin tiren abinci a ƙofa. Ya mutu da zarginsa. Idan kuma dole sai an yi kisan, to ki ƙirƙiri mai kiran ruhohin, sunansa da garinsa duka. Kada ki ɗora kisa a kan mutumin da ya rayu da gaske, ko ɗalibin nan, ko wata mace da aka san sunanta. Suna da dangi, kuma mai karatu da yawa daga littafinki kaɗai zai san su.

Ni a ganina ma akwai wuraren da suka fi guba daɗin rubutu, kuma tarihi ya bar su a buɗe. Na farko Atlantic City, Yunin 1922. Abokinsa Arthur Conan Doyle, marubucin nan na Birtaniya, ya yi imani da kiran ruhohi da zuciya ɗaya. Matar Doyle ta zauna a ɗakin otal ta rubuta shafi 15 wai saƙo ne daga mahaifiyar Houdini, Cecilia, wadda ta rasu a Yulin 1913 yana Kopenhagen, rasuwar da ta girgiza shi har ƙarshen rayuwarsa. Saƙon da Ingilishi ya zo, tsohuwar kuwa ba da Ingilishi take magana da ɗanta ba. An kuma zana gicciye a saman shafin, ita kuwa matar limamin Yahudawa ce. Houdini bai ce uffan a ɗakin ba, sai bayan watanni ya fito ya musanta, abotar ta watse. Me ya sa ya yi shiru? Kunya ce, ko kuwa akwai ɗan lokacin da ya so abin ya zama gaskiya? Babu takardar da ta amsa wannan, to naki ne.

Na biyu Boston, 1924. Mujallar Scientific American ta sa dala 2,500 ga mai kiran ruhohin da ya tabbatar da baiwarsa, kuma Mina Crandon, wadda ake kira Margery, matar wani likitan tiyata, ta kusa cinyewa. Ta ce ruhin yayanta Walter ne ke magana yana kaɗa ƙararrawa a cikin duhu. Houdini ya sa aka ƙera akwatin da za ta zauna a ciki, kai da hannuwa kaɗai a waje. Sai aka tsinci ma'aunin kafinta mai naɗewa a cikin akwatin. Ita ta ce ɓangarensa ne suka jefa don su ɓata ta, shi ya ce ita ta shigo da shi don ta danna ƙararrawa. Har yau ba a rabe ba. Yaronki mai ɗaukar akwatuna yana iya kasancewa a ɗakin da aka ajiye akwatin nan. Idan hannunsa ne ya jefa, kuma maigidan bai sani ba, kin sami laifin da zai ɗauko tun daga Boston har ƙofar asibitin Grace, ba tare da kin ƙaryata tarihi ko da layi ɗaya ba.

Mai_Alƙalami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karɓi shawarar ma'aunin kafinta. To maganganun da zan sa a bakin Houdini da Bess fa? Kuma zan iya matso da abin da ya faru a 1904 zuwa wata shekara don tsarin labarin ya daidaita?

Tsohon_Kundi:

Hira a ɗaki, a jirgi, a bayan labule, duk ki ƙirƙira, aikin marubuci kenan. Abin da ba a yi shi ne ki ƙirƙiri magana ki jingina ta ga jarida mai suna da kwanan wata, ko ki ce wasiƙa ce da ke ajiye a wani wuri. Mutane za su kwafa su yaɗa a matsayin tarihi. Wajen muryarsa, ki tuna karatun boko kaɗan ya yi, ya yi tallar jarida, ya yi aikin yankan lakataye a masana'anta, amma ya tara dubban littattafai waɗanda ya bar wa ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Mutum ne mai alfahari, mai saurin fushi da masu kwaikwayonsa, mai yawan rubuta wa matarsa 'yan wasiƙun soyayya ko suna gida ɗaya. Ba su haihu ba, kada ki ba su ɗa.

Idan ankwar jaridar Daily Mirror kike nufi, kada ki matsar da ita. Ranar 17 ga Maris 1904 ce, a gidan wasan Hippodrome na Landan, kuma duk mai son Houdini ya haddace ta. Tunda waiwaye kike yi, ba ki ma buƙatar matsarwa, yaron yana iya tuno ta a duk babin da kika so. Abin da aka tabbatar: jaridar ta ƙalubalance shi da ankwar da ta ce wani maƙerin Birmingham ya shekara 5 yana ƙera ta, Houdini ya haura awa 1 yana fama, ya roƙi a cire masa ita ya tuɓe kwat aka ƙi, sai ya zaro 'yar wuƙa da ƙyar, ya buɗe ta da haƙori, ya juyo kwat ɗin ta kansa ya yayyanka. Labarin cewa Bess ta miƙa masa mabuɗi ta hanyar sumba gida na uku ne, kuma mabuɗin ya kai inci 6, ba ya ɓoyuwa a baki. Wasu masana kuma suna ganin shiri ne tsakaninsa da jaridar tun farko.

Inda na ɗan saɓa da Inna shi ne batun ma'aunin. An taɓa jingina wa Collins cewa shi ya jefa, wasu kuma suka musanta ruwayar. Idan yaronki ne ya jefa, to ki nuna yadda zargin ya koma kan Collins, in ba haka ba wanda ya san ruwayar zai ga kamar ba ki sani ba. A ƙarshen littafin kuma ki sa shafi 1 ko 2 ki faɗi waɗanda kika ƙirƙira da abin da kika cike da kanki.

Maƙerin_Kwado:

Ƙari kaɗan kan jikinsa a babukan ƙarshe, kada ki rubuta shi kamar wanda ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Ranar 5 ga Agusta 1926, ƙasa da wata 3 kafin rasuwarsa, ya kwanta a cikin akwatin ƙarfe da aka liƙe, aka nutsar da shi a tafkin wanka na otal ɗin Shelton a New York, ya yi awa 1 da rabi. Ya yi hakan ne don ya ƙaryata wani mai suna Rahman Bey da ke cewa da wata baiwa ta musamman yake yin irinsa. Bayanin Houdini shi ne kwanciya ba motsi, gajeren numfashi a jere, da hana tsoro shiga, domin tsoro ne ke cinye iska. Bayan haka ya sa aka yi masa akwatin gawa na tagulla don wasan binnewa da rai, kuma a cikinsa aka binne shi. Tunda yaronki ne mai lissafin kaya, shi ya kamata ya san inda akwatin nan yake a ranar 31 ga Oktoba, domin a Detroit ya rage lokacin da aka mayar da sauran kayan wasan gabas, kuma a ciki aka ɗauko gawar zuwa New York.